Laccar Kinuwa a Jos: A Wanke Ta Kafin a Ɗora Tukunya

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu huɗu zan faɗa a kan wannan ƙwaya da ake kira kinuwa.

Na farko, asalinta tsaunukan Kudancin Amurka ne, ƙasashen Peru da Bolibiya, inda sanyinmu na Jos wasa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 dominta. Kuma ba dangin gero ko dawa ba ce, 'yar'uwar alayyafo ce, irinta ake ci.

Na biyu, amfani. Kofi ɗaya na dafaffiyarta yana da furotin kusan giram 8. Sinadaran gina jiki guda 9 da jiki ba ya iya haɗawa da kansa duk suna ciki, har da laisin, wanda ya yi ƙaranci a masara da shinkafa. Tana da sinadarin ƙarfe, kuma ba ta da gulutin, wancan na alkama da cikin wasu ba ya ɗauka.

To amma na uku, iyayena mata, wanki! Allah ya lulluɓe ƙwayar da wani abu mai ɗaci, safonin, don tsuntsaye su ƙyale ta a gona. In ba ki wanke ba, maigida zai kai loma ɗaya ya tambaye ki wa ba shi da lafiya a gidan. Ki zuba a rariya mai ƙananan ƙofofi, don ƙwayar ƙanana ce, sai ta bi ruwa ta gudu. Ki cuɗa da hannu, za ki ga kumfa na tashi kamar kin sa sabulu. Ki zubar, ki sake, ki sake, har kumfar ta ɗauke. Ko an rubuta a jikin leda cewa an wanke, ni dai ina sakewa. Yawancin masu cewa kinuwa ba daɗi, nan aka bar su. Malama mai rubutu, ja layi a ƙarƙashin wanki.

Na huɗu, dahuwa: kofi ɗaya, ruwa kofi biyu. In ta tafasa ki rage wuta, ki rufe, minti 15. Da kin ga ɗan farin zare ya naɗe ƙwayar, ta nuna. A ci da miya ko a yi dafa-duka.

Na'am Hajiya? Ta ce tsada, kuma ina aka baro acha. Hajiya kin yi gaskiya! Kinuwa daga waje ake shigo da ita, acha kuwa nan Filato ake noma ta. Acha tana da metiyonin, wani sinadarin gina jiki da ya yi wa wake ƙaranci, wake kuma yana da laisin da acha ke buƙata. Gwaten acha da wake da ganye ya biya. Sai dai ita ma a rege ta da kyau, saboda yashi.