Hoton ƙirji ya fito lafiya: shin asmar yaro ta warke?

A Agege ko Idi-Araba da ke Legas, sau da yawa uwa kan ɗaga hoton ƙirjin ɗanta ta ce, "Likita, tunda hoton ya fito lafiya, mu daina shaƙa masa maganin?"

A'a, Hajiya. Don Allah kada ki daina.

Asma kumburi ce a cikin siraran hanyoyin iska na huhu, kuma hoton eksire ba ya kama su. Yaro zai kwana yana tari, ƙirjinsa na fito, a ɗauki hoto da safe ya fito tsaf. Likita kan nemi hoton ne idan yana zargin wani abu dabam, kamar nimoniya, tarin fuka, ko ƙwayar gyaɗa da ta maƙale a hanyar numfashi.

Na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ta fi gani, amma hasken da take harba wa jiki ya ninka na eksire sau da yawa, shi ya sa ba a maimaita wa yaro ita don bibiyar magani kawai.

Akwai wata sabuwar hanya. Yaro ya shaƙi iskar zenon, ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi a cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, sai hoton ya haska duk inda iska ta kai, inda ba ta kai ba ya fito baƙi. Babu hasken da ke cutarwa. A 2022 Amurka ta amince da ita ga 'yan shekara 12 zuwa sama, amma har yanzu sai a manyan cibiyoyi ƙalilan.

Mu a nan, da hayaƙin janareto da na motocin danfo, ma'aunin yana hannunki. Dare nawa tari ya tashe shi a makon nan? Sau nawa ya nemi shuɗin inhela, wato abin shaƙar salbutamol mai buɗe hanyar numfashi? Yana gama wasan ƙwallo ko yana tsayawa haki? Daga shekara 5 ko 6 kuma ana iya sa shi ya hura na'urar awon numfashi.

Maganin sitiroid na shaƙa, irin su budesonide da beclomethasone, sai an yi makonni ana shaƙa kullum kafin ya kama sosai. Ya kurkure baki bayan kowace shaƙa. Ranar komawa asibiti, cikin wata 1 zuwa 3 da farawa, ki tafi da inhelar duka, yaron ya shaƙa a gaban likita a ga ko maganin yana isa huhu ko a baki yake tsayawa.