Me ya sa JAXB ke cewa bai san alamar XML ɗinka ba?

JAXB kayan aikin Java ne da ke mayar da bayanan fayil ɗin XML su zama abubuwan Java. Ku dubi allon nan. A hagu fayil ɗin XML ne na odar kaya, a dama kuma ajin Java da zai karɓe shi. Alamar farko sunanta oda, abin da aka rubuta a @XmlRootElement shi ma oda. Amma ana kunna shirin, sai JAXB ya jefo UnmarshalException, wai unexpected element.

Yawancin mutane a nan suke daina karatu, alhali amsar tana gaba kaɗan. Saƙon yana nuna uri da local, wato adireshi da gajeren sunan abin da ya tarar, sannan ya faɗi abin da yake jira. Kun ga waɗannan baka biyu da babu komai a tsakaninsu kafin kalmar oda, wato {}oda? Ma'anarsu ajinku yana jiran oda marar namespace, fayil ɗin kuma ya zo da oda mai namespace.

Tun 1999 da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da wannan ƙa'ida, cikakken sunan alama kashi biyu ne: adireshin da aka ɗaura da xmlns, wanda shi ne namespace, da gajeren sunan. Kamar Musa biyu ne a unguwa ɗaya, sai an faɗi na gidan wa. Shi kuwa ɗan guntun da ke gaba, ns2 ko makamancinsa, laƙabi ne kawai. Kada ku ɓata lokaci kuna canza shi. Adireshin ma ba buɗe shi ake yi a intanet ba, harafi da harafi ake gwada shi, don haka http da https ba ɗaya ba ne.

Gyaran yana cikin package-info.java. Ku sa @XmlSchema, ku rubuta namespace daidai yadda yake a fayil ɗin.

To, ga wurin da ya fi cin rai. Kuskuren ya tafi, shirin ya gudu lafiya, amma sunan kaya da farashi duk null. Babu ƙorafi, babu gargaɗi. Dalili shi ne JAXB, idan ba ku hana shi ba, tsallake duk alamar da bai gane ba yake yi ya wuce abinsa. Uwar ta shiga, 'ya'yan da ke cikinta ba su shiga ba, domin elementFormDefault na cikin @XmlSchema, wanda ke faɗin ko 'ya'yan ma suna da namespace, yana nan a yadda aka bar shi. Ku mayar da shi QUALIFIED. A ganina ma, kada ku fara neman matsala sai kun kira setEventHandler ko kun ba shi setSchema, domin ya riƙa yin magana. Shirin da ya faɗi a gabanku ya fi wanda ya aika oda babu farashi.

Ku lura, xmlns na gama-gari ba ya hawa kan sifofin da ke jikin alama, wato attributes. Sifa marar laƙabi ba ta da namespace, ko da uwarta tana da shi.

Saura xsi:type, sifar da fayil ke faɗin ainihin nau'in alama da ita. A ce kuna da ajin Biya, ƙarƙashinsa akwai BiyaTaKati da BiyaTaBanki. Fayil ya ce wannan BiyaTaKati ce, amma JAXBContext, mai riƙe da jerin azuzuwan da JAXB ya sani, bai taɓa jin sunanta ba, domin daga uwa ba ya gangarowa ya nemo 'ya'ya da kansa. Sai ya gina Biya zalla, ko kuma ya faɗi idan ajin abstract ne. Ku lissafa su a @XmlSeeAlso, ko ku miƙa su ga JAXBContext.newInstance. Ƙimar xsi:type ita ma suna ce mai namespace, saboda haka a duba ko an ayyana laƙabinta.

Idan duk wannan daidai ne kuma abin ya ƙi, ku hau saman fayil ku duba layukan import. An cire JAXB daga JDK, kunshin kayan aikin Java, a Java 11 a 2018, daga baya Jakarta EE 9 ta sauya javax.xml.bind zuwa jakarta.xml.bind. Ajin da aka yi wa alamomin @ na javax, injin jakarta ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.