Sakan 40 Ga Kowace Tambaya: Hira Kan Jarrabawar Shiga Makarantar Likitan Haƙori

BASHIR: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bashir ne ke magana, ga Dakta Hauwa, likitar haƙori, a gefena, ga kuma Ummi, wadda ta shigo mana da tarin takardu duk a huhhuje kamar gara ta bi ta kansu. Ummi, lafiya dai ko?

UMMI: Lafiya lau, Yaya Bashir. Karatu ne.

BASHIR: Huda takardar ne karatu?

DAKTA: Ƙyale ta, Bashir, karatu ne kuwa, za mu zo wurin. Ummi na shirin rubuta DAT, jarrabawar da duk mai son shiga makarantar likitan haƙori a Amurka sai ya bi ta kanta. Ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar, ADA, ita ke shirya ta, kuma tun 1950 ake yin ta a faɗin ƙasar. A can mutum ba ya tashi daga sakandare ya faɗa karatun haƙori. Sai ya yi jami'a tukuna, ya ci darussan kimiyyar da ake buƙata, ya rubuta wannan jarrabawa, sannan idan an ɗauke shi ya yi shekara 4 a makarantar.

BASHIR: To Ummi, me ke cikinta? Faɗa mana kamar kina yi wa wanda bai san komai ba bayani, don ni ne shi.

UMMI: Tambaya 280 ce, duk a kwamfuta, duk na zaɓi amsa. Kashi huɗu ne. Na farko kimiyya, tambaya 100 a minti 90: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, oganik kemistiri 30. Na biyu gwajin ido, tambaya 90 a minti 60. Daga nan a ba ka hutun minti 30 in kana so. Sai fahimtar karatu, dogayen rubuce-rubuce uku na kimiyya, tambaya 50 a minti 60. Na ƙarshe lissafi, tambaya 40 a minti 45.

BASHIR: Babu fiziks?

UMMI: Babu, alhamdulillahi. Makarantu dai suna son ka yi shi a jami'a, amma ba ya cikin jarrabawar.

DAKTA: Ni abin da nake so masu sauraro su yi shi ne su raba waɗannan mintuna da yawan tambayoyin. Kimiyya sakan 54 ga kowace tambaya. Gwajin ido sakan 40. Kafin ka gama gyara zama an wuce tambaya ɗaya. Yawancin waɗanda na ga sun sha ƙasa sun san karatun, agogo ne ya ci su.

BASHIR: Dakta, kin faɗi wannan da wata irin murya. Ko da ke a ciki?

DAKTA: Da ni a ciki mana, ba zan ɓoye ba. Karon farko na shafe wata uku ina karanta littafi, ina ja masa layi da alƙalami mai launi har shafukan suka koma rawaya. Duk shafin da na buɗe sai in ji ai na san wannan. Ashe gane shi kawai nake yi, in aka rufe littafin ba zan iya kawo shi ba. Kuma ban taɓa zama na yi jarrabawar gwaji cikakkiya daga farko har ƙarshe ba. Ran jarrabawa, da na kai lissafi, na kusa awa huɗu a gaban kwamfuta, kaina ya yi zafi, na tsaya kan wata tambaya ta jirgin ƙasa biyu da suka taso daga gari biyu, na ce sai na ga bayanta. Ina ɗaga kai sai ga saura minti biyar, tambaya goma sha wani abu na jira na.

UMMI: Innalillahi. Anti, sai kika yi yaya?

DAKTA: Na bar wasu babu amsa, wanda shi ne wautar da ta fi kowace. Ba a rage wa mutum maki don ya faɗi tambaya a DAT. Ko canki-canki ne ka danna wani abu, ka yi mata alama, in lokaci ya rage ka dawo. Ni ko wannan ban yi ba.

BASHIR: Sai kika sake?

DAKTA: Na sake. A lokacinmu sai ka jira kwana 90, yanzu an mai da shi 60. Amma kada wani ya ji haka ya ce bari ya je ya ɗanɗana. Makarantu suna ganin sakamakon da ka samu a baya, kuma bayan karo uku sai ka nemi izini kafin a bar ka ka sake.

BASHIR: To mu koma kan takardun Ummi. Mene ne gwajin ido? Kamar na asibiti, a ce karanta layin ƙasa?

UMMI: A'a, Yaya Bashir. Gwada yadda kake juya abu a cikin kanka ne. Iri shida ne, kowanne tambaya 15. Bari in nuna maka wanda ke hannuna. Ga takarda mai kusurwa huɗu. Na ninke ta biyu, daga ƙasa zuwa sama. Na sake ninkewa daga hagu zuwa dama. Yanzu na huda nan, a lungun sama na dama. In na buɗe, rami nawa za ka gani, kuma a ina?

BASHIR: Huɗu. Ninki biyu sau biyu, ai huɗu ne.

UMMI: A ina?

BASHIR: A tsakiya mana.

UMMI: Duba.

BASHIR: Kai! Jama'a, a lunguna huɗu suka fito, kowanne a nasa gefen.

DAKTA: Wannan kuma ita ce mai sauƙi. Sai an ninke ta a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, ko a ninke rabin rabi yadda wani wuri zai zama falle ɗaya wani falle uku, sannan za ka ga gumi. A jarrabawar ba a ba ka takardar ka ninke, zane kawai za ka gani.

UMMI: Dabarar da na koya ita ce in zana gidaje 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance, a kan ɗan allon roba da suke ba ka tare da alƙalamin maka. Sai in fara daga ninkin ƙarshe ina buɗewa baya-baya, duk layin ninki in ɗauke shi kamar madubi: ramin da ke wannan gefe yana da ɗan'uwa a wancan gefe. Amma sai da na huda takardu na gaske kamar ɗari kafin idona ya yarda.

DAKTA: Haka ake yi. Hannu ya fara, ido ya biyo baya.

BASHIR: Sauran biyar ɗin fa?

UMMI: Akwai na kafar makulli: a nuna maka wani abu mai tudu da kwari, a ce ta wace kafa zai wuce daidai, ba ƙari ba ragi. Kana iya juya shi yadda kake so kafin ya shiga, amma in ya fara shiga ba juyi. Akwai wanda za a ba ka kamannin abu ta fuska biyu, misali ta sama da ta gaba, ka nemo ta gefe. Layin da ya tafi ɗoɗar shi ne gefen da ido ke gani, mai ɗigo-ɗigo kuma wanda ya ɓuya a baya. Akwai shimfiɗaɗɗen kwali da za ka naɗe a ka, ka faɗi siffar da zai bayar. Akwai ƙirga bulo: an jera su an manne, an shafe su da fenti ban da ƙasan da suke zaune a kai, sai a ce nawa ne fenti ya taɓa fuskarsu biyu, nawa uku.

DAKTA: Wannan kyauta ce in ka natsu. Kada ka karanta tambayar tukuna. Ka bi bulo ɗaya bayan ɗaya, ka ja sanda a gaban 1, 2, 3, 4 ko 5, har ka gama da zanen, don zane ɗaya yana ɗauke da tambayoyi da yawa. Ka kuma tuna bulon da ba ka gani amma dole yana nan, tunda wani na zaune a kansa.

UMMI: Ni wanda ya hana ni barci shi ne na kusurwa. Kusurwa huɗu, a ce jera su daga ƙarama zuwa babba. Wallahi Anti, wani lokaci biyu daga ciki tamkar an tsaga kara. Kuma su ja wa ɗaya ƙafafu dogaye don ta yi kama da babba, su kifar da wata.

DAKTA: Kada ki ba ta fiye da abin da ta cancanta. A kusurwa, kallon farko da kallo na goma kusan amsa ɗaya suke bayarwa. Ki dubi zaɓin amsoshin, sau da yawa za ki ga rigimar tsakanin biyu ce kawai. Ki yanke, ki wuce, ki kai rarar sakan ɗin wurin kwali, inda ƙarin lokaci yake da amfani.

BASHIR: Ni fa, Dakta, ku yi haƙuri, wannan ya fi kama da wasan yara. Me ya haɗa ninke takarda da cire haƙori?

DAKTA: Ka taɓa lura da ɗan madubin nan da muke sa wa mutum a baki? In ina aiki a kan matauni na sama, can ciki, ba na ganin haƙorin kai tsaye. A madubi nake ganin sa, a juye, ga ruwa na fesowa, ga injin yana gudu, kuma kuskuren milimita ɗaya na iya kai ni ga jijiya. Hoton haƙori kuma da ake ɗauka a shafe yake kamar takarda, amma saiwar da ke ciki tana da lanƙwasa, wata ma tana ɓoye bayan wata. Dole in gina siffar a kaina. To abin da suke son su gani ke nan tun kafin su ba ka bakin mutum. A da ma a Amurka alli ake ba ɗalibai su sassaƙa da wuƙa. Kanada kuwa ta daɗe tana sa su sassaƙa sabulu.

BASHIR: Sabulu? To na janye maganata, amma rabi.

UMMI: Abin da ya ba ni mamaki, makin gwajin ido ba ya shiga cikin matsakaicin makin karatu, wato wanda ake fitarwa daga makin kimiyya, fahimtar karatu da lissafi. Shi kaɗai ake ware shi.

DAKTA: Shi ya sa wasu ke raina shi, su bar shi sai saura sati biyu. Ga shi kuma a ware yake, ba abin da zai rufa masa asiri, duk mai duba takardunki zai gan shi tsirara. Kuma shi ne kashin da ba ya haddatuwa. Bayoloji kina iya yi masa dare ɗaya ki tsira da wani abu. Ido kuwa sai a hankali. Minti 20 kullum na wata uku ya fi awa goma a Asabar ɗaya.

BASHIR: Makin nawa ne ma gaba ɗaya?

UMMI: Lokacin su Anti daga 1 zuwa 30 ne. Daga Maris 2025 aka koma 200 zuwa 600. Don haka in mutum ya ga tsofaffin ɗalibai a intanet suna cewa sun ci 20 ko 22, da tsohon ma'auni suke magana.

DAKTA: Kin tsufar da ni a gaban jama'a, na gode.

BASHIR: To kimiyyar fa? Ita ce mafi yawa amma kun bi ta kanta da gudu.

DAKTA: Don hanyarta a bayyane take. Bayoloji faɗi gare shi, daga ƙwayar halitta zuwa gado zuwa tsirrai, amma tambayoyin ba su cika zurfi ba. Maganinsa tambayar kai. Rufe littafi, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi ƙarya. Tun 1885 wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna yawancin mantuwa a farko-farko take faruwa, kuma bita a rarrabe ita ke rage ta.

UMMI: Ni Anki nake amfani da shi, manhajar bita ce mai katunan tambaya da amsa. Katin da na faɗi ya dawo min da wuri, wanda na ci ya yi nisa. Oganik ne dai na fara da hadda, na ga ba ta kai ni ko'ina ba.

DAKTA: Ba za ta kai ki ba. A oganik ki tambayi kanki wa ke da rarar ilektaron, wa ke nema. In kin gane wannan, rabin abin da kike haddacewa zai zo da kansa. Kuma a tuna, kalkuleta a kashin lissafi kawai ake ba da ita, ƙarama a kan allon kwamfuta. Lissafin kemistiri da ka ake yin sa, don haka a saba da kintace tun a gida.

BASHIR: Ummi, yaushe za ki shiga?

UMMI: Ina so in gama kafin a buɗe neman gurbi a farkon bazararsu, wajen Mayu zuwa Yuni. Makarantu da yawa suna duba takardu ne yadda suke isowa, wanda ya makara sai ya tarar an fara rabon kujeru.

DAKTA: Kin yi cikakkiyar gwaji nawa zuwa yanzu? Ina nufin da agogo, da hutun a inda yake, waya a wani ɗaki.

UMMI: Kashi-kashi dai nake yi, Anti.

DAKTA: Nawa?

UMMI: Ko ɗaya.

DAKTA: To Asabar ɗin nan. Ki fara daidai lokacin da za ki fara ta gaske. Ranar Lahadi kuma kada ki buɗe sabon babi, ki zauna da duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta a gefenta ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare. Ki kawo min takardar in gani.

BASHIR: Ni kuma a bar min mahudin nan da takarda biyar, sai na ci ɗaya kafin mako mai zuwa. Jama'a, a nan za mu tsaya, mu kwana lafiya.