An sa ƙarfe, an sallame shi: wa zai kula da mai karaya a gida?

Lawali: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram. Yau maganar mai karaya ce, wanda aka yi wa aiki aka sa masa ƙarfe. Hajiya Zainabu, yaushe asistan sosiyal, wato ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti, yake shigowa?

Zainabu: Tun majinyaci yana kan gadon asibiti, Malam. In aka bari sai ranar sallama, an makara. Ana tambaya: wa zai yi jinya? Daga ina ya zo? Wanda ke unguwar Birni ko Zango a nan cikin gari daban yake da mutumin Gure, da ke da tafiyar kilomita sama da 150 kafin ya ga likitan da ya yi masa aikin. Irin wannan gara a nema masa masauki wajen dangi cikin gari, aƙalla har a cire zare, kwana 12 zuwa 14.

Issufu: Ni dai kuɗin nake tunani, Hajiya.

Zainabu: Nan ne gizo ke saƙa. Dangi su sayar da tumaki, su biya aiki da ƙarfe, su ɗauka an gama. Ga wankin ciwo, ga magani, ga hoton ƙashi wajen mako na 6, ga kuɗin mota, ga gashin ƙashi. Shi ya sa ake zaunar da babban gida a rubuta lissafin wata uku tun kafin a fita. Maganin kyauta da aka soma a 2006 ya shafi yara ƙasa da shekara 5 da fiɗar haihuwa. Ɗan kabu-kabu da ya karya cinya ba ya ciki. Wanda ba shi da hali sai a nema masa takardar shaidar rashin ƙarfi daga ma'aikatar magajin gari, a kai ofishin sosiyal na asibiti. A fara nema da wuri, takarda ba ta fitowa rana ɗaya.

Lawali: Issufu, a cikin gida fa?

Issufu: Ban ɗaki, Malam. Mutane na jin nauyin faɗa, amma shi ne na farko. Ban ɗakinmu na tsuguno ne, mai ƙarfe a cinya kuwa ba ya tsugunawa. A samu kujerar roba mai ƙwari, a huda tsakiyarta, a ɗora bisa ramin, a tabbata ƙafafunta ba sa zamewa. Kwanciya bisa tabarma ma a bari, tashi daga ƙasa yana sa ya taka ƙafar ba shiri. A ba shi gado. Salla ya yi a zaune.

Zainabu: Tsoho da ba ya iya juyawa kuma, a riƙa juya shi kowane awa 2, a duba ƙugu da dunduniya. Gyambon kwanciya daga can yake farawa, da ja kawai.

Issufu: Sanduna ma ana kuskure. A bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin sanda da hammata, nauyi ya tafi tafin hannu. Wanda ya rataya hammata bisa sanda, jijiya za ta danne, hannu ya mutu. Hawa dandamali, lafiyayyar ƙafa ce gaba. Sauka, sanduna da mai ciwon.

Lawali: To ga maɗori. Wani kawu zai zo dubiya ya ce a kai wa mai ɗori ya ƙarasa.

Zainabu: Shi ya sa ake neman kawun nan tun a asibiti, a nuna masa hoton da idonsa. Ƙashin da ke da ƙarfe ba a jansa, ba a murza shi, ba a shafa komai a bakin ɗinki. In ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa. Faɗa da kawu ba ya amfani. A ba shi aiki, ya zama shi ke riƙe da ranakun komawa asibiti.

Lawali: Me za a gani a koma ba tare da jiran ranar ba?

Issufu: Zazzaɓi, mugunya ko wari daga ciwo. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, wannan yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, a tafi ko cikin dare ne. Yatsu su yi sanyi ko su mutu cikin filasta, shi ma haka.

Zainabu: A lura da tramol kuma. Saurayi ya ƙosa ya koma bisa babur, ya saya a bakin tasha don ya danne ciwo, ya taka ƙafa kafin likita ya yarda, ƙarfe ya lanƙwashe. Ƙashin cinya na babba yana cin wata uku zuwa huɗu, taba kuma tana ƙara jinkirta shi. Gara a ba wani ɗan uwa babur ɗin yana kawo balas kullum, a saya masa wake, ƙwai da nono da shi, har hoto ya nuna ƙashi ya kama.