Idan takardar gato ta ce a zuba konyak

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da ranar Garwa.

Yawancinmu masu yin gato, wato kek, na sayarwa daga takardun Faransanci muka koya, ko daga bidiyon waya. Kina cikin karatu sai ki ci karo da layin da ya ce a zuba konyak cokali biyu. Wata ta tsallake layin, gatonta ya fito a bushe, ba ƙamshi. Wata kuma ta zuba, don an ce mata wuta na cinye giyar. Maganar waɗannan mata biyu ce ta tara mu yau.

Konyak nau'in giya ce mai ƙarfi da ake kira birandi, kuma sunan wani gari ne a yammacin Faransa. Giyar inabi ake dafawa a tukunyar jan ƙarfe a tara tururinta har sau biyu, a zuba a gangar katako ta yi aƙalla shekara 2. Armanyak ɗan'uwansa ne, kalbados kuma da tuffa ake yin sa a Normandi. Kowannensu kusan kashi 40 cikin 100 barasa ce.

To, batun wuta. A 1992 masu bincike a Amurka sun auna barasar da ke saura a abinci bayan an dafa shi, kuma ma'aikatar noma ta ƙasar tana aiki da alƙaluman. In an kunna wa abinci wuta, abin da Faransawa ke kira filambe, kashi 75 na barasar na nan. In an gasa ko an dafa na minti 15, saura kashi 40. Bayan awa ɗaya, 25. Sai an yi awa biyu da rabi kafin ya koma 5. Wace ce a nan take barin gato awa biyu da rabi a tanda? Hukunci na malamai ne, ni ba malama ba ce, amma malamin da za ki tambaya ki kai masa waɗannan alƙaluma. Kuma ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Gaton suna da na biki, yara na ci, masu ciki na ci, mai ciwon hanta ma na ci, kuma babu wanda ke tambayarki me kika sa. Amana ce.

Ke kuma mai tsallake layi, tambayi kanki: wane aiki aka sa konyak ya yi a nan? Shi za ki nema wa magaji.

In jiƙa zabibi da dabino ne, ki dafa baƙin shayi mai ƙarfi, ki jefa kirfa da kanumfari biyu da ɓawon lemon zaƙi, ki zuba a kansu da zafinsa, ki rufe awa biyu ko uku. Za su kumbura su yi laushi, ɗan baurin shayin kuma ya tsaya a madadin na gangar katako. Ni a wurina wannan ya fi duk ruwan kwalin da ake sayarwa. In kin fi son ruwan tuffa ko na farin inabi, ki zuba daidai awon da aka rubuta, amma ki rage sukari, don da zaƙinsu suke zuwa. Cokalin ƙonannen sukari ko zumar Ngaundare zai ba ki launi da ƙamshi mai zurfi. Zobonmu, folere, yana da kyau, sai dai yakan rina ƙulli, ki ajiye shi don gato mai duhu. Kar kuma ki bar jiƙon ya kwana biyu a waje, ruwa mai zaƙi a zafin nan da kansa yake fara tsimuwa.

In nama ne da masoro, aikin konyak ya ɗago abin da ya kama a gindin kasko. Romo da ɗan ruwan tsamiya sun isa.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ne kan banila. Madalla da kika tuna mana. Ta ruwa ta asali a barasa ake jiƙa ta, dokar Amurka ma ta ce kar ta gaza kashi 35. Ki karanta bayan kwalba, ko ki sayi sukarin banila na 'yar takarda, wanda ke kowane kanti.

Aiki ɗaya ne shayi ba zai yi miki ba: hana lalacewa. Turawa na shayar da gaton Kirsimeti birandi ya yi makonni a ajiye. Namu ba zai yi ba. Na taɓa yi wa wata amarya gato a watan Afrilu, na jiƙa shi da ruwan tuffa, aka ɗauke wuta, kafin ranar biki ya yi furfura. Har yau ina jin nauyin uwar yarinyar. Tun daga nan nake gasawa ana gobe biki, in shafa masa sukari da ruwa awo ɗaya ɗaya da na tafasa da kirfa, in sa a firigo, in kuma gaya wa mai saye kar ya wuce kwana uku.

Zabibin da na jiƙa da safe ga shi can a kan tebur. Ku wanke hannu ku matso, kowa ta ɗanɗana kafin mu fara kwaɓi.