Kwanukan Inna da kilo 23

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da yadda ɗakin nan yake a hargitse, yau kwanana huɗu da dawowa Manchesta kuma ko akwati ban gama kwashewa ba. Ga sanyi, ga azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Masu turo saƙo suna tambaya ina na shige wata guda babu bidiyo, gida na je, Argungu. Waɗanda muka daɗe tare sun san Allah ya yi wa Innarmu rasuwa bara. Tun lokacin aka rufe ɗakinta, ba mai shiga sai don shara. Yanzu autanmu zai yi aure, sashen nan za a gyara masa, shi ne aka ce mu haɗu a raba abin da ta bari. Zan riƙa sa muku abin da na ɗauka a can ina magana a kai.

To ga ɗakin. Kun ga jeren nan? Daga ƙasa har kusan rufi. Manyan kwalla ne a ƙasa, sai fanteka, sai langa, sai samira, can sama kuma ƙananan kwanukan sha masu murfi, kowane saiti da irin furensa. Waɗancan masu ƙyalli a gefe tasoshin tagulla ne irin na Bida, na kakarmu ne, a hannunta Inna ta gaje su. Na fara ƙirga, da na wuce 80 na bari. Muna yara ba wanda ya isa ya taɓa su. Duk jajibirin salla ake sauke su a wanke a goge a mayar, kuma idan kika juya furen kwano ɗaya ya kalli bango, Inna tana shigowa za ta gane.

A nan inda hoton ya karkace, ajiye wayar na yi. Niyyata tun daga jirgi ita ce ba za a taɓa jeren nan ba. Na ma ce wa Yaya ni zan biya a gina wa auta wani ɗaki, a bar wannan yadda yake. Ya dube ni ya ce, to ko gidan tarihi na Kanta za mu kai su? Ga shi nan cikin gari, tsohuwar fadar sarki, tun 1958 ake ajiye kayan da a ciki, sai a ware wa Inna ɗaki guda. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Gwaggo ce ta zaunar da ni. Ta girmi Inna, kuma ita ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika yi ma kuka? Kwano na, ba mutum ba. Uwakku ba don kallo ta aje su ba." Sai ta nuna babbar kwalla mai jan fure ta ce wannan ta uku ce. Biyun farko Inna ta ba dillaliya ta sayar shekarar da Yaya zai tafi makaranta Sakkwato. Wani saitin langa ya tafi lokacin jinyar Baba. Da abu ya warware ta sake shiga adashi ta mayar da gurbinsu. Kwanukan da aka jera mini a ɗakina ranar aurena ma, rabinsu daga nan aka zare su.

Wallahi ban taɓa sani ba. Ni a ganina jeren nan tun da na buɗe ido haka yake, bai taɓa motsi ba. Ashe shiga da fita yake yi kamar kuɗi a asusu, mu ne dai ba a gaya wa. Matan zamaninsu ba su da littafin banki, dukiyarsu tana jikin bango inda kowace baƙuwa za ta gani, kuma ranar da ta ɓaci a sauke saiti guda a rufa asiri. Ni da nake cewa kada a taɓa, abin da mai kayan ba ta taɓa yi ba nake neman yi.

Rabon kansa bai ɗauki lokaci ba. Malam ya zo, aka kira dillaliya ta yi wa komai kuɗi. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, kaso bakwai ke nan, namiji biyu mace ɗaya. Mazan suka ce su me za su yi da langa, suka bar mana nasu na kwanuka. Goran Baba na kamun kifi da homarsa, da suka shekara suna rataye a zaure, aka ba ɗan ƙanensa, tunda shi har yanzu yana faɗawa kogin Matan Fada idan bikin kamun kifi ya zo.

Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado shi ya cinye mana yini guda. Ku duba. Zannuwan da ba a taɓa ɗinkawa ba, har yanzu da ƙamshin turaren wuta. Wani tsohon saƙi. Ƙullin tsumma da anini mai huda a tsakiya, da sisi, da sule, kuɗin da ake kashewa a da, kafin shigowar naira a 1973. Ɗan abin nan na roba da alhazai ke kawowa tsaraba, a kanga a ido a riƙa dannawa ana ganin hotunan Makka da Madina. Sai takardun sakamakon jarabawarmu tun na firamare, ita da ba ta karanta boko, amma ta jera na kowa daban, ban san yadda take bambance su ba. Duk takardar da ke da aya ko sunan Allah muka ware, Yaya ya ƙona su a bayan gida ya binne tokar.

Sai aka zo maganar sikeli. Akwati biyu aka yarda mini, kowanne kilo 23. Ɗaya ya riga ya cika da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, waɗannan kuwa ba a tattaunawa a kansu. (Kilishi kada ma ku fara, ba a barin matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama Ingila.) Kasona na kwanuka kaɗai ya fi ƙarfin akwati uku. Na zauna na yi lissafin kuɗin aiko su ta jirgin ruwa, sannan na tambayi kaina, in sun iso ina zan sa su? Gidan nan ɗaki biyu ne, duk kusurwar da kuke gani kuɗin haya nake biya a kanta. Nan ƙasar har ɗakunan ajiya ake bayarwa haya, mutum ya riƙa biya duk wata don kayan da ba ya ko zuwa dubawa. Na hango kwallar Inna a irin wannan wurin, cikin kwali, a kulle a duhu, sai na ji ba zan iya ba.

Don haka manyan na bar wa amaryar auta saiti biyu. Ɗaya na ba wata marainiya a unguwa da ake haɗa wa kayan ɗaki, da niyyar Allah ya kai ladan kabarin Inna. Tasoshin tagulla suna wurin babbar yayarmu, ita ke da 'ya'ya mata.

Ga abin da na taho da shi, bari in matso da kyamara. Wannan kwanon sha ne, kuma ba ya cikin jere ma, a madafa yake zama. Kun ga bakinsa duk ya ɓantare, gindin ya lotsa. Dillaliya ko kallonsa ba ta yi ba. Da shi Inna take dama fura kullum da rana, a ciki nake shan ragowarta. Sai ludayinsa, sai anini ɗaya, sai zane ɗaya. Duka ba su kai kilo biyu ba.

To abin dariyar, ina dawowa na buɗe kabad in nemi inda zan ajiye zanen, sai kaya suka zubo mini a ka. Ashe ni ma ina da nawa jeren, kuma nawa ko dillaliya ba za ta karɓa ba. Ku ga wannan tulin. Anko ne, na bikin ƙawaye da 'yan uwa, kowanne sau ɗaya na sa, wasu ma ban halarci bikin ba, aiko mini aka yi na biya. Wannan jakar kuma tsarabar biki ce: robobi, kofuna, kalanda, littattafan rubutu, duk da hoton amarya da ango. Wannan kofin, Allah ya kyauta, auren ma ya mutu shekara uku ke nan, ni ce kaɗai nake riƙe da shi.

Na kasa su uku tun jiya. Ankon da ke da kyau zan haɗa wa wata 'yar uwa da za ta gida wata mai zuwa, akwai masu buƙata. Riguna da takalma na sanyi za su shagon sadaka na bakin titi, inda ake sayar da kayan hannu a ba da kuɗin taimako. Katunan ɗaurin aure masu bisimilla na ware su gefe, a gidan sama ba a hura wuta, sai na tambayi malaman masallacinmu yadda suke yi da irinsu. Kofuna masu hoto ne suka gagare ni. Kai wa Bature kofi da fuskar ƙawata a jiki ya sa a kanta yana sayarwa, ai da kunya. In kuna da dabara ku rubuto mini.

Ɗazu da safe yayarmu ta turo hoto a WhatsApp. Babbar kwallar nan mai jan fure ce, an cika ta da tuwon shinkafa za a kai gidan surukan auta, wata yarinya ta ɗauko ta a ka. Gwaggo tana gefe tana nuna ta da sanda, na san faɗa take a riƙe da kyau.

Ni kuma kunun gyaɗa na dama a kwanon nan, ga shi har ya huce ina ta surutu, kuma ƙarfe ne, ba ya shiga na'urar ɗumama abinci. Haka zan sha shi. Shagon sadakar ƙarfe biyar suke rufewa, ga jaka uku kuma ba mota, don haka bari in tashi. Sai mun haɗu a na gaba, ku sa Inna a addu'a.