Lacca: Minti nawa ne daga Maraɗi zuwa Damagaram a jirgin sama?

Assalamu alaikum. To ɗalibai, yau lissafi za mu yi, amma na jirgin sama. Mu ɗauki ƙananan filayen jirgi biyu da kuka sani, na Maraɗi da na Damagaram.

In ka ja miƙaƙƙen layi a taswira daga wannan fili zuwa wancan, za ka samu kilomita 200 da ɗan ɗoriya. Matuƙa da mil na teku suke aiki, kowane ɗaya mita 1,852, don haka a bakinsu tafiyar mil 110 ce. Kwaltar da ta bi ta Gazawa da Tasawa kuwa ta kai wajen kilomita 235.

Jirgi mai farfela irin ATR 72, in ya daidaita a sama, yana cin kusan kilomita 500 a awa. Wa zai raba mana? Yawwa, minti 24. Lissafinka daidai ne, amma kada ka ce wa mai tarbarka ya zo bayan minti 24, zai sha zama.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne tun sa'ad da aka janye abin da ke tokare tayoyi, ba ya ƙarewa sai an sake tokare su a can. A tsakani jirgi zai gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izini. In ya tashi, hawa yake yi, kuma mai hawa ba ya gudu sosai. Kafin ya gama daidaita, an fara shirin sauka. Sannan da tashi da sauka duk iska ake fuskanta, to in ta ɗaya gefen take busowa, sai ya zagaya gari ya shigo ta can. Haɗa duka, kana maganar minti 40 zuwa 45.

Wannan ƙarin na kusan minti 20 bai damu da nisa ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 740 ne, fiye da ninki uku da rabi ke nan, amma da lissafin nan awa biyu ba za ta cika ba. Gajeriyar tafiya ita ta fi jin jiki, har a kuɗin mai, domin a hawa inji ya fi sha.

Iska ma tana da nata. A ce tana busowa daga gabas da gudun kilomita 50 a awa: mai zuwa Damagaram zai yi 450, mai komawa Maraɗi 550, bambancin wajen minti biyar. Wannan da sauƙi. Hazon hunturu shi ne babba, don in matuƙi bai hango titi ba, ba ya sauka, ko da nisan taku goma ne.

Na ga hannu a baya. Mota ko jirgi? Sai ka isa fili awa guda ko fiye kafin tashi, a auna kaya, a duba takardu, a can kuma ka jira jaka ka nemi abin hawa. Awa biyu da rabi ta tafi. Motar safa kan yi wajen awa huɗu, kuma kullum akwai ta a tasha. Jirgi kuwa sai ranar da aka tsara masa, shi ya sa ni a wannan hanyar mota zan ba ka shawara, in ba marar lafiya ka ɗauko ba.